Darasin Lafiyar Iyali: Sa'ad da Takardar Gwajin Jini Ta Ɗan Kauce wa Ƙa'ida

Manufar darasi: Domin iyaye su iya karanta takardar gwajin jini ba tare da firgita ko sakaci ba, su kuma san tambayoyin da ya kamata su yi wa likita sa'ad da aka ce jininsu ya yi ƙasa.

Gabatarwa

Wata ranar Lahadi bayan an tashi daga sujada, wata 'yar'uwa daga zumuntar mata ta tsayar da ni a bakin ƙofa, ta zaro wata takarda daga jakarta, ta ce, "Baba, don Allah duba mini wannan. Kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba." Takardar gwajin jini ce. A gaban haruffan Hb an rubuta 11.6, kusa da lambar kuma akwai harafin L, alamar cewa ta yi ƙasa. Wata maƙwabciyarta ta riga ta gaya mata cewa jininta ya ƙare, har ta sayi kwalabe biyu na maganin ƙarin jini.

A cikin watan nan kuma wani dattijo abokina, wanda ya yi ritaya daga koyarwa, ya nuna mini tasa takardar yana dariya. Lambarsa ita ma 11.6 ce. Ya ce ai kaɗan ne ya rage, ya jefa takardar cikin aljihun tebur. Lamba ɗaya, mutum biyu: ɗaya ta firgita, ɗaya ya yi ko oho. A cikinsu kuwa, dattijon ne ya fi bukatar komawa wurin likita da sauri. Za mu sāke haɗuwa da su a gaba. Bari mu fara da abin da takardar take faɗa.

1. Abin da ake aunawa

Babban mutum yana da jini wajen lita 5 a jikinsa. Fiye da rabinsa ruwa ne, sauran kuwa ƙwayoyi ne iri uku. Jajayen ƙwayoyi suna ɗaukar iskar numfashi daga huhu zuwa dukan gaɓoɓi. Fararen ƙwayoyi suna yaƙi da cututtuka. Na ukun ƙanana ne ƙwarai, aikinsu shi ne tsayar da jini idan an ji rauni. A cikin ɓargo ake yin dukansu. Jar ƙwaya tana rayuwa wajen kwana 120, ɓargo kuma yana fitar da sababbi fiye da miliyan 2 a kowace daƙiƙa domin su maye gurbin waɗanda suka tsufa.

Ga haruffan da za ku fi gani a takarda:

Hb, watau himogulobin. Shi ne jan sinadarin da ke cikin jajayen ƙwayoyi, wanda yake riƙe iskar numfashi. Ana auna shi da giram a kowace desilita. Waɗansu ɗakunan gwaji suna rubuta shi bisa ga lita, saboda haka 116 da 11.6 abu ɗaya suke nufi.

PCV ko HCT. Wannan yana nuna kashi nawa cikin ɗari na jinin ne jajayen ƙwayoyi. Shi ne gwajin da aka fi sani a ƙananan asibitocinmu. Yawanci yakan kai kusan ninki uku na himogulobin: mai Hb 11 zai sami PCV wajen 33.

MCV. Matsakaicin girman jajayen ƙwayoyi. A wurin manya yakan kasance tsakanin 80 da 100.

WBC. Yawan fararen ƙwayoyi, yawanci tsakanin 4,000 da 11,000.

PLT. Yawan ƙwayoyin tsayar da jini, yawanci tsakanin 150,000 da 450,000.

2. Daga ina iyakar ta fito?

Kusa da kowace lamba akan rubuta iyaka ta ƙasa da ta sama. Yana da muhimmanci mu san yadda ake samun waɗannan iyakoki. Masana sukan auna jinin mutane masu lafiya da yawa, sa'an nan su ja layi yadda kashi 95 cikin 100 za su kasance a ciki. Ma'anar wannan ita ce, cikin kowane mutum 20 masu ƙoshin lafiya, ɗaya zai faɗa waje da layin. Takardar gwajin jini ɗaya kuwa tana iya ɗauke da lambobi goma sha biyar ko ashirin. Ba abin mamaki ba ne idan ɗaya ko biyu suka ɗan gota layi a jikin mutumin da babu abin da ke damunsa.

Har wa yau, iyakokin sukan bambanta daga wannan ɗakin gwaji zuwa wancan, gwargwadon na'urar da suke aiki da ita. Harafin H ko L, ko tauraron da kuke gani, na'ura ce ta buga shi. Na'urar ba ta san ko mai jinin yana da shekara 20 ko 70 ba in ba a gaya mata ba, ba ta kuma san abin da ya ci, ko abin da ya sha, ko zazzaɓin da ya yi makon jiya ba. Wannan aikin likita ne, da taimakon labarin da ku za ku ba shi.

3. Yaushe ake cewa akwai ƙarancin jini?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sabunta jagorarta a kan wannan a shekara ta 2024. Bisa ga jagorar, ana cewa akwai ƙarancin jini idan himogulobin ya gaza waɗannan lambobi:

Namiji daga shekara 15: 13.0
Mace marar ciki daga shekara 15: 12.0
Mace mai ciki: 11.0 a watanni uku na farko da uku na ƙarshe, 10.5 a watanni uku na tsakiya
Yara daga shekara 12 zuwa 14: 12.0
Yara daga shekara 5 zuwa 11: 11.5
Yara daga wata 24 zuwa 59: 11.0
Jarirai daga wata 6 zuwa 23: 10.5

Ga manya waɗanda ba masu ciki ba, daga 11.0 zuwa iyakar da aka ambata ƙarancin mai sauƙi ne, daga 8.0 zuwa 10.9 matsakaici ne, ƙasa da 8.0 kuwa mai tsanani ne. Ga masu ciki da yara 'yan ƙasa da shekara 5, mai tsanani yana farawa ƙasa da 7.0.

Yanzu sai mu ga bambancin mutanen nan biyu. 'Yar'uwarmu ta gaza iyakar mata da 0.4 kawai. Dattijon ya gaza iyakar maza da 1.4, shi kuwa ba shi da wata hanya ta halitta da jini yake fita daga jikinsa kowane wata.

Matsalar ba baƙuwa ba ce a gidajenmu. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna cewa kashi 68 cikin 100 na yara daga wata 6 zuwa 59, da kashi 58 cikin 100 na mata daga shekara 15 zuwa 49, suna da ƙarancin jini. Yawancinsu suna tafiya da ƙafafunsu, suna noma, suna zuwa kasuwa da makaranta. Abin da suke ji shi ne gajiya, da haki idan sun hau tudu, da ciwon kai, da jiri, da rashin natsuwa a aji.

4. Abubuwan da sukan gusar da lamba kaɗan

Kafin a yanke hukunci a kan lambar da ta ɗan kauce, sai a tuna da waɗannan.

Ruwan jiki. Wanda ya yi gudawa, ko amai, ko ya wuni yana zufa a gona bai sha ruwa ba, jininsa yakan yi kauri, PCV ɗinsa ya hau. Wanda aka yi wa ƙarin ruwa a asibiti kuwa, lambarsa takan sauka na ɗan lokaci.

Ciki. Jikin mai ciki yana ƙara ruwan jini fiye da yadda yake ƙara jajayen ƙwayoyi. Shi ya sa iyakarta take ƙasa da ta sauran mata.

Tsayin ƙasa. Mazauna tudu irin na Jos, wanda ya kai wajen mita 1,200 bisa teku, himogulobin ɗinsu yakan ɗan fi na mazauna Legas ko Fatakwal, gama iska ta fi sirantaka a bisa. Masu shan taba ma nasu yakan hau. A wurin irin waɗannan mutane, lambar da take daidai a kan iyaka tana iya ɓoye ƙarancin jini.

Yadda aka ɗibi jinin. Idan aka huda yatsa aka matsa shi da ƙarfi, ruwan tsoka yakan gauraya da jinin, lamba ta sauka. Jinin da aka ɗiba daga jijiya ya fi amintaka.

Ciwon da aka warke daga gare shi. Bayan zazzaɓin cizon sauro, jini yakan ɗauki makonni kafin ya koma yadda yake.

Saboda waɗannan dalilai, sau da yawa likita yakan ce a sāke gwajin bayan makonni kaɗan. Kada ku ɗauka ɓata kuɗi ne. Lambobi biyu ko uku a jere sun fi lamba ɗaya faɗar gaskiya. Wanda shekara da shekaru lambarsa take 12.8 ba ta motsi, halinsa dabam yake da na wanda ya sauko daga 15.0 zuwa 13.1 cikin wata shida, ko da yake na biyun bai ƙetare layi ba tukuna. Ku ajiye takardun gwajin kowane ɗan gida a jaka ɗaya, ku riƙa tafiya da su asibiti.

5. Ruwa ba ya tsami banza

Ƙarancin jini alama ce ta wani abu da yake faruwa a jiki, kamar yadda hayaƙi yake nuna wuta. Hanyoyinsa uku ne: ko jini yana zuba, ko jajayen ƙwayoyi suna fashewa kafin lokacinsu, ko kuwa ɓargo ba ya yin isassu. Lambar MCV takan nuna wa likita inda zai fara nema.

Idan MCV ya gaza 80, ƙwayoyin ƙanana ne. Babban dalili shi ne ƙarancin sinadarin ƙarfe, wanda ake kira ayon, gama da shi ake gina himogulobin. Jikin babban mutum yana riƙe da wajen giram 3 zuwa 4 kawai na wannan sinadari, yana kuma sāke amfani da wanda ke cikin tsofaffin ƙwayoyi. Don haka idan ya ƙare, sai a tambayi ta ina ya fita. Hanyoyin da aka sani su ne haila mai yawa, musamman ga masu ƙarin mahaifa, haihuwa kusa da kusa, tsutsar ciki mai shan jini, wadda take shiga ta tafin ƙafar mai tafiya ba takalmi, tsargiya, watau fitsarin jini, da ake ɗauka a ruwan rafi da na fadama, basir mai jini, gyambon ciki, da ciwon daji na ciki ko na hanji. Ga ƙananan yara, sau da yawa abinci ne ya kasa: yaron da ya wuce wata 6 ana ba shi koko ko kunu zalla ba zai sami isasshen ayon ba. Gwajin da yake nuna ajiyar ayon a jiki shi ne feritin. Idan ya yi ƙasa, magana ta tabbata. Amma yakan hau lokacin zazzaɓi ko kumburi, saboda haka likita yakan karanta shi da lura.

Akwai kuma mutanen da suka gāji ƙananan ƙwayoyi daga iyayensu, halin da ake kira talasimiya mai sauƙi, wanda ake samu da yawa a Afirka ta Yamma. MCV ɗinsu ƙarami ne tun haihuwa, himogulobin yana daidai ko ya ɗan gaza, ajiyar ayon kuwa lafiya lau. Irin waɗannan ko sun shekara suna shan ƙwayar ayon lambarsu ba za ta sāke ba.

Idan MCV yana tsakanin 80 da 100, ƙwayoyin suna da girman da ya dace amma ba su isa ba. Akan ga wannan bayan zubar jini farat ɗaya, da bayan zazzaɓin cizon sauro, da kuma cikin cututtuka masu daɗewa irin su tarin fuka, ƙanjamau da ciwon sanyin gaɓoɓi. Ciwon ƙoda ma yana kawo shi, gama ƙoda ce take fitar da sinadarin da yake umartar ɓargo ya yi jajayen ƙwayoyi. Mai hawan jini ko ciwon sukari da jininsa ya fara sauka ya kamata a duba ƙodarsa.

Idan MCV ya wuce 100, ƙwayoyin sun yi girma fiye da kima. Dalilan da aka fi gani su ne ƙarancin bitamin B12 ko folik asid, yawan shan barasa, ciwon hanta, da waɗansu magunguna. Masu ciwon sukari da suka daɗe suna shan metformin sukan rasa B12. Wannan ƙaranci yana taɓa jijiyoyi, yana kawo mutuwar tafin ƙafa, da rashin daidaito wajen tafiya, da mantuwa.

6. Amosanin jini

Ikilisiyoyi da yawa a ƙasarmu suna neman gwajin jinotayif kafin a ɗaura aure, don haka yawancinmu mun san haruffan AA, AS da SS. Abu biyu ya kamata mu riƙe.

Na fari, zama AS ba ya kawo ƙarancin jini. Idan mai AS ya ga lambarsa ta sauka, kada ya ce ai gādo ne ya zauna. Sai a nemi dalili kamar yadda za a nema wa mai AA.

Na biyu, mai SS yana da tasa ƙa'ida. Jajayen ƙwayoyinsa suna rayuwa kwana 10 zuwa 20 kawai, saboda haka himogulobin ɗinsa yakan zauna tsakanin 6 da 9 ko da yana cikin lafiyarsa. Iyayen irin wannan yaro su san lambar da ɗansu ya saba zama a kai, domin saukowa daga wannan lamba ita ce abin lura. Kada a ba shi ƙwayar ayon sai gwaji ya nuna yana bukata, musamman idan an sha yi masa ƙarin jini, gama ayon yakan taru ya ɓata hanta da zuciya.

7. Sauran lambobin

Fararen ƙwayoyi sukan hau kaɗan lokacin ciwo, lokacin ciki, bayan aiki mai ƙarfi, da kuma wurin masu shan taba. Sukan sauka kaɗan bayan mura da makamantanta. Mutane da yawa 'yan asalin Afirka ta Yamma kuwa an haife su da ƙarancin wani reshe na fararen ƙwayoyi da ake kira niyutirofil, idan aka gwada su da iyakokin da aka ɗauko daga Turawa, ba sa kuwa kamuwa da ciwo fiye da kowa. 'Ya'yanmu da suke karatu ko aiki a Ingila da Amurka sukan gamu da wannan. Wani reshe kuma, iyosinofil, yakan hau idan akwai tsutsar ciki, ko fuka, ko ƙaiƙayin jiki.

Ƙwayoyin tsayar da jini sukan sauka lokacin zazzaɓin cizon sauro, su dawo bayan an warke. Sukan ɗan hau idan ayon ya yi ƙaranci.

Abin da ba ya jira shi ne idan iri biyu ko uku sun sauka tare, watau jajaye da farare da na tsayar da jini, ko kuwa fararen sun hau ƙwarai ba tare da wani ciwo da aka sani ba. Wannan yana nuni ga ɓargo kansa, yana kuma bukatar likitan jini.

8. Mu koma wurin mutanen nan biyu

'Yar'uwarmu ta koma asibiti. Likita ya lura MCV ɗinta 76 ne, ya tambaye ta game da al'adarta, sai ta faɗi abin da ta daɗe tana jin kunyar faɗa: kwana takwas take yi, da gudaji. Ta kuma ce takan ji marmarin cin farar ƙasa da tauna ƙanƙara, wanda sanannen hali ne ga masu ƙarancin ayon. An ba ta ƙwayar ayon, an kuma aike ta wurin likitan mata domin a magance yawan zubar. Bayan watanni kaɗan gajiyar da ta ɗauka ta hidimar gida ce ta tafi.

Dattijon bai koma ba sai da ya fara haki a kan hanyar gonarsa, bayan wata biyar. A lokacin lambarsa ta sauko ƙasa da 9. Ashe shekara biyu yana sayen maganin ciwon gwiwa a kanti yana sha kullum, maganin kuwa ya ci masa ciki, jini yana tsiyaya a hankali. Bayan gidansa ya daɗe da yin baƙi, bai gaya wa kowa ba. Magungunan ciwo irin su diclofenac, ibuprofen da asfirin suna iya yin wannan ɓarna idan an daɗe ana shansu. Ya warke, amma da ya koma tun takardar farko, da bai kwanta asibiti ba.

Ga darasin a taƙaice: namiji babba, ko macen da ta daina haila, idan aka same shi da ƙarancin ayon, ko da kaɗan ne, wajibi ne a binciki cikinsa da hanjinsa. Wani lokaci wannan ƙaramar lamba ita ce alama ta farko ta ciwon dajin hanji, a lokacin da ake iya warkar da shi.

9. Maganin ƙarin jini da abinci

Mun saba idan aka ce jini ya yi ƙasa sai a sayo malta da madarar gwangwani, ko kwalbar maganin ƙarin jini. Malta da madara suna ba da ƙarfi na ɗan lokaci saboda sukari da maiƙo, amma ayon ɗin da ke cikin madara kaɗan ne ƙwarai, madara kuma tana rage yadda hanji yake tsotse shi. Jan launin abin sha ba shi ne ma'aunin amfaninsa ga jini ba. Maganin kwalba yana iya ɗaga lamba kaɗan, amma a nan haɗarin yake: mai zuba ruwa a tulu mai yoyo yana iya ganin ruwa ya hau, tulun kuwa yana nan da hujinsa. Haka kuma folik asid yana iya gyara lambar mai ƙarancin B12 alhali jijiyoyinsa suna ci gaba da lalacewa.

Idan likita ya tabbatar da ƙarancin ayon ya ba da ƙwaya, ga abin da za a sani. Cikin mako biyu zuwa huɗu ya kamata himogulobin ya fara hawa. Idan bai hau ba, a koma. Bayan lamba ta daidaita akan ci gaba da sha wajen wata uku domin a cika rumbun jiki. Ƙwayar takan sa bayan gida ya yi duhu, takan kuma kawo taurin ciki ko tashin zuciya. Maimakon a daina, a gaya wa likita, gama yana iya mai da shi sau ɗaya a rana ko bayan kwana bibbiyu. Kada a sha ta da shayi ko madara. A ɓoye ta inda yara ba za su kai ba, domin ƙwayoyin ayon masu yawa guba ne mai kisa ga ƙaramin yaro.

Abincin da ya fi ba da ayon shi ne nama, hanta, kifi da kaza. Wake, waken soya, gyaɗa, zogale, alayyafo, ugu da sauran ganyaye ma suna da shi, jiki kuma yakan fi tsotse nasu idan an ci tare da lemo, gwaiba, tumatir ko mangwaro. A bar shan shayi sai awa ɗaya ko biyu bayan abinci. Mai ciki ta fara awo da wuri, ta sha ayon da folik asid da ake bayarwa kowace rana, ta karɓi maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, ta kwana cikin gidan sauro. Yara su sa takalmi, su kuma karɓi maganin tsutsar ciki a kan kari.

Ƙarin jini ta jijiya kuwa na masu ƙarancin jini mai tsanani ne, yawanci ƙasa da 7, ko masu zubar jini mai yawa. Mai 11.6 ba ya bukatarsa.

10. Alamomin da ba a kwana da su

Ko mene ne takarda ta faɗa, a tafi asibiti nan da nan idan akwai ɗaya daga cikin waɗannan: haki ko da mutum yana zaune, ciwon ƙirji ko suma, aman jini, ko bayan gida baƙi kamar kwalta, zubar jini ga mai ciki ko mai jego, idanu rawaya tare da fitsari mai duhu, yaro mai zazzaɓi wanda tafin hannunsa da cikin idonsa suka yi fari, yana numfashi da sauri ko ya kasa shan nono, jini daga dasashi ko hanci ba dalili, rama, da zufar dare, da ƙulluwa a wuya ko hammata.

Kammalawa

Ƙaunatattun masu karatu, lambar da ta ɗan kauce tambaya ce jiki yake yi mana, kuma matambayi ba ya ɓata. Idan kun shiga wurin likita da takarda a hannu, ku yi waɗannan tambayoyi biyar: Wace iyaka ce ta dace da shekaruna da halin da nake ciki? Ƙwayoyin jinina ƙanana ne, ko daidai, ko manya? Me kuke zaton ya kawo wannan? Akwai wani gwaji da ya kamata a ƙara? Yaushe zan dawo a sāke aunawa? Ku kuma faɗa masa dukan gaskiya game da haila, da launin bayan gida, da barasa, da kowane magani na kanti ko na gargajiya da kuke sha. Maigida ya raka matarsa, 'ya'ya su raka iyayensu tsofaffi, gama abin da mutum ɗaya ya manta ko ya ji nauyin faɗa, na biyu yakan tuna.

Tambayoyi domin tattaunawa a gida

1. Don me himogulobin 11.6 yake da ma'ana dabam ga mai ciki, da mace marar ciki, da dattijo?
2. Waɗanne abubuwa ne sukan sa lamba ta hau ko ta sauka ba tare da ciwo ba?
3. Wane haɗari ne yake cikin shan maganin ƙarin jini kafin a san dalili?
4. Akwai wani a gidanmu da yake shan maganin ciwo kullum ba da sanin likita ba?
5. Ina muke ajiye takardun gwajin iyalinmu, wa kuma yake lura da su?